Ranar da Na Ga Gindin Rumbun Baba

Rabi, ke kika tambaye ni, ranar da kika zo ganin gida da goyonki, dalilin da ya sa har yau in na shiga kasuwar Cadakori masu awo ke kirana Share-rumbu. Na ce miki in na iya riƙe alƙalami zan ba ki amsa, kika yi dariya. To ga shi, rani uku ke nan ina zama ajin yaƙi da jahilci, hannu ya fara jin magana. Na san ke da ƙannenki kun ji labarin gutsi-gutsi a bakin mutane. Wasu sun ce na tona asirin gidanmu, wasu sun ce ni na raba gandun ubana. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Ku ji daga bakin mai abin.

Babban rumbun ƙasa da ke tsakar gidan babanku Idi, yayana, can ƙauyenmu kusa da Gidan Sori, kakanku ya gina shi tun ba a haife ni ba. Ya gina shi ne bayan wata shekarar yunwa. A shekarar nan ya sauka cikin tsohon rumbunsa ya share ƙasa da tafin hannu don ya tara abin da za a dama wa yara, kuma duk da haka ɗiyarsa ta fari ba ta kai kaka ba. Da Allah ya kawo sauƙi sai ya gina wannan, ya ɗora shi bisa duwatsu, ya yi masa baki ɗaya tak a sama, ya ce daga yau a gidan nan ba a ganin gindin rumbu. Haka muka tashi muka tarar. Duk kaka a jingina tsani, a ɗaga jinka, a jera sabon hatsi bisa tsoho. Duk safiya mai gida ya hau ya ɗebo zangarniya daga sama ya ba mata su sussuka. A sama ake zubawa, a sama ake ci. Abin da ke ƙasa muna ce masa tsimi, ajiyar ranar wuya, ba a taɓa shi. Mace ba ta leƙawa, yaro ba ya leƙawa. In ana biki a gari maroƙa na hango ɗan gidanmu sai su ɗaga murya, su ce ga na gidan da ba a ganin gindin rumbu. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma kaina yana kumbura in na ji.

Da Baba ya rasu, gandu ya koma hannun Yaya Idi. Kada wani ya faɗa muku mugun abu a kansa. Mutum ne da ke riga kowa shiga gona, ya kuma riga kowa kai dami gidan da aka yi rashi. Mu kusan ashirin muke ci a tukunya ɗaya, bai taɓa bambanta ɗiyansa da ku ba. Sai dai maganar Baba a wurinsa kamar karatu take, ba a ƙari ba a ragi.

Ni kuwa da rani amalanken jaki nake kora, ina kai wa mutane kaya kasuwa. Mai amalanke ba ya sauri, shi ya sa yake ganin abin da mai moto ba ya gani. Na ga dammuna zube a gona har mako biyu suna jiran a kwashe, in ka ɗaga na ƙasa ka tarar gara ta gama da shi. Na ga buhu mai huda yana zana layi tun daga ƙofar gida har bakin kasuwa, zabbi na bin mu kamar masu rakiyar amarya. Na ga wake da aka zuba sumul da kaka ya fito da bazara duk ƙofofi, mai saye ya damƙa ya busa ya watsar. Na ga kwandunan tumatir daga gulbi an ɗora wani bisa wani, kafin a isa na ƙasa ya zama miya, da yamma a juye bayan rumfa awaki su yi biki. Ko a gidan suna, tuwon da ake zubarwa washegari ya isa ya riƙe wani gida kwana biyu. Kowa ɗan kaɗan yake yasarwa, shi ya sa ba mai jin zafi. A hankali na gane ba kowace yunwa ke saukowa daga sama ba. Wata da hannunmu muke renon ta.

Akwai wani tsohon Alhaji mai mangaza, wato babban ɗakin ajiyar hatsi, da nake yi wa dako. Duk sabon kayan da na kawo sai ya sa na fiddo tsofaffin buhuna gaba, in kai sabbin can ƙurya. Aiki biyu ke nan. Wata rana na gaji na ce masa, Alhaji, hatsi ai hatsi ne. Ya dube ni ya ce:

“Salisu, hatsi ba zinariya ba ne da za ka binne ka dawo ka iske shi yadda ka bar shi. Rai gare shi. Wanda ya riga shiga shi ke riga fita. In ka hana shi, ya mutu ciki, ya ja na kusa da shi.”

Na komo gida da maganar nan tana yi mini yawo. Daga ranar na fara duban rumbunmu da wani ido. Na lura kaji sun bar ko’ina sun tare ƙarƙashinsa, suna tsattsagar abin da ban gani ba. Na durƙusa na ga wani gari-gari mai laushi yana zubowa tsakanin itatuwan gindi, ga hanyar gara ta hau bisa dutse ɗaya. Uwarku ta ce mini in aka kai tsakiyar damina, hatsin da ake ba su ƙaiƙayi ya fi tsaba yawa. Sai kuma Hajo, Bafulatanar da ke kawo mana nono ana ba ta hatsi. Wata rana aka auna mata, ta ɗiba ta sansana, ta mayar cikin ƙwarya ta ce:

“Kai, kaɗo! Wannan hatsi ya girme ni. In gaishe shi ko in daka shi?”

Mata suka fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Kaka uku a jere ina samun Yaya da maganar, kullum mu biyu, kullum da ladabi. Na ce mu kwashe rumbun mu duba kafin a zuba sabo. Na farko ya ce in bar wasa. Na biyu ya ce amalanke ya sa na fara tunani irin na ’yan kasuwa. Na uku ya ce:

“Abin da Baba ya rufe, ni ba ni buɗe shi. In na mutu ka buɗe.”

Na haƙura. Haƙuri ba ya yi mini wuya, kun sani.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi na cikin fidda kai. Abin da muka yanka bai kai rabin na bara ba. Ga shi ɗaya daga shanun noman gandu ya mutu. Yaya ya tara mu ya ce zai sussuke kashi mai yawa na sabon hatsin ya sayar a sayi sa, tunda ai akwai tsimi. Da ƙiyasinsa, abin da ke ƙasan rumbu zai riƙe gidan wata huɗu. In aka sayar da sabo, aka kai tsakiyar damina aka tarar tsimin ƙura ne, bakuna ashirin za su wayi gari ba ko tsaba, a lokacin da hatsi ya fi tsada, lokacin da kowa ke buƙatar ƙarfin riƙe hauya. Ke Rabi kina da shekara biyar, ƙaninki Lawali yana goye.

Na tafi ɗakin Inna, kakarku. Lokacin idonta ya fara rauni amma hancinta da kunnenta garau. Na faɗa mata duk abin da ke raina. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa kamar ba ta ji ba. Can ta ce:

“Kai sai yanzu ka sani? Mu da ke bakin turmi mun daɗe da sani. Wa ya tambaye mu?”

Na ce, “To Inna, ki yi wa Yaya magana.”

“Idi ba ya jin magana bisa rumbun nan, don shi ya ga ranar da aka ɗauki gawar ’yar’uwarku da yunwa ta kashe. Kai ba ka gani ba. Amma ina wurin sadda ubanku ya yi alkawali. Cewa ya yi ɗiyansa ba su ƙara kwana da yunwa. Ban ji ya ce zai ciyar da gara ba.”

Na ce, “To mi zan yi?”

“Ni mace ce, ba ni hawa tsani. Amma ban taɓa riƙe ƙafar mai hawa ba.”

Ranar kasuwa Yaya ya fita da sassafe ya tafi duba sa. Sabon hatsi yana jibge a bakin gida, ba a riga an zuba ba. Rana na ɗagawa na jingina tsani. A nan laifina yake, kuma ina so ku rubuta shi a ranku yadda na rubuta shi a takarda: na jira ya ba da baya. Na yi ta neman wata hanya ban samu ba, amma rashin samun hanya bai mayar da ita mai kyau ba.

Na ɗaga jinka na shiga. Uwarku ta shimfiɗa tabarmi tana karɓa. Matar Yaya ta tsaya bakin madafa tana kallo. Da aka jima sai ta shiga ɗaki ta fito da tabarmarta ta shimfiɗa kusa da ta uwarku. Na sama lafiya lau, hatsin bara. Da na kai wajen gwiwa sai zangarniya ta fara sauƙi a hannu, in ka girgiza ƙwari su zubo. Na ci gaba. Wari ya taso, irin na ɗakin da ya sha ruwa aka rufe. Na iske sheƙar ɓeraye har uku. Daga nan zuwa ƙasa ba hatsi ba ne kuma. Wani abu ne baƙi-baƙi da ya manne ya yi dunƙule, gefe guda fumfuna inda bango ya tsage ruwa ke shiga, gefe guda ginin gara. In ka kama zangarniya sai ta narke a hannunka. Da ƙwarya na riƙa kwasa ina miƙawa. Wannan shi ne tsimin wata huɗu. Guminmu ne da na Baba, na shekarun da ban san adadinsu ba, muka hana cikinmu muka ba ƙwari.

Wajen azahar na kai gindi. Na sa tsintsiya na share. Hasken rana ya sauko ta bakin rumbun, sai na ga wani abu a daɓen: sawun tafin hannu, yatsu biyar, ya nutse cikin yumɓu. Hannun Baba ne, ranar da ya gama shafe ya dafa ya miƙe. Na gane shi don ɗan yatsansa na dama a lanƙwashe yake. Na zauna nan ciki na ɗan lokaci. Ban san ko gafara zan nema ko godiya zan yi ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne wari ba ya tsayawa a gida ɗaya. Kafin in fito maƙwabta sun cika zaure, wasu na leƙe ta bisa danga. Wani ya ce ashe gidan da ba a ganin gindi, taki suke ajiya. Aka yi dariya. Cikin wannan hali Yaya ya shigo. Ya dubi tabarmi, ya dubi tulin baƙin abin nan, ya dubi mutane, sannan ya dube ni, duk jikina ƙura. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce:

“Salisu, ka rasa ranar da za ka tuɓe ni sai gaban gari?”

Na ce, “Yaya, ka yi haƙuri. Hau ka duba, akwai abin da nike so ka gani ciki.”

“Na ga abin da ka so in gani.”

Ya shige ɗaki. Kwana uku bayan haka ya kira dattawa biyu aka raba gandu. Ya ba ni gonar tudu, mai yashi, ya raba sabon hatsi da adalci har dami na ƙarshe, don ko cikin fushi Idi ba ya zalunci. Aka ja danga tsakiyar gida. Yaran da suka saba cin tuwo a akushi ɗaya suka koma leƙen juna ta kafar kara. Inna ta zauna wajensa, yadda ya kamata, ni kuma kullum sai in zagaya ta waje in gaishe ta. In muka haɗu da shi a masallaci zai amsa sallama, shi ke nan. A kasuwa aka laƙaba mini Share-rumbu. Da farko in an faɗa har cikin ƙashina nake ji.

Amma ku lura da wannan. Yaya bai sayi san nan ba, bai sayar da ko zangarniya ɗaya ba. Bai ce don ni ba ne, ni ma ban ce ba. Abin da mata suka ceto daga tsakiyar rumbu suka shanya, suka sheƙe, shi aka fara ci. Baƙin kuwa na kwashe da amalanke na kai gonar tudu na watsa. Daminar nan ta yi tsanani. An rage awo, an haɗa da tafasa da zogale, akwai ranakun da fura sau ɗaya ce. Gidaje da yawa a garinmu maza suka bar gona suka tafi ƙwadago a gonar wasu don abin da za a ci da dare. Daga ɓangarena da na Yaya ba wanda ya bar gonarsa, ba yaron da ya kwanta da ciki wayam, har sabon hatsi ya nuna. In akwai abin da nake alfahari da shi a duniya, bayan ku, to wannan ne.

A sabon ɓangarena ban gina babban rumbu ba. Ƙanana biyu na yi. Bana a zuba a wannan, a ci wancan har ƙasa, a share, a toshe tsaga, a yi masa hayaƙi, a shimfiɗa ganyen bedi, wato dogon yaro, ya huta ya jira kaka. Dami ba ya kwana uku a ƙasa a gonata. Amalanke na shimfiɗa masa buhu don abin da ya kakkaɓe. Wake kuwa sai ya bushe ƙayau in ɗura a bido, wato jarka, in toshe yadda iska ba ta shiga. Kuma na ce wa uwarku duk sadda hatsi ya canza a turmi ta faɗa mini, har na sa ta hau tsani ta leƙa da idonta. Ranar ta ce ashe abin da ake ɓoye musu ke nan, rami ne kawai da duhu. Ba wani sirri a cikin duk wannan. Masu dariya suka ci gaba da dariya, sai dai da kaka ta zagayo wani ya zo a ɓoye ya ce in leƙa masa nasa. Kakar da ta biyo suka zama uku. Hajo ma ta koma fara tsayawa ƙofata, tana cewa hatsin gidan nan sa’anta ne.

Yaya kuwa ya gyara tsagar babban rumbu ya koma yadda ya saba, sabo bisa tsoho. Kaka uku ban ce masa uffan ba. A ta huɗu, da hantsi, ina gyaran ƙafar amalanke, sai na ji sallamarsa a ƙofata, karo na farko tun da aka ja danga. Na miƙe har guduma ta faɗi. Bai zauna ba. Yana duban jakina ya ce:

“Tsanina ya karye. Ara mini naka.”

Na ce, “Bari in sa a kai maka, Yaya.”

“Wa ya ce ka aiko? Kai za ka ɗauko shi. Ka taho da tsintsiya.”

Da na shiga gidansa na ga tsaninsa jingine da bango, lafiyarsa lau. Ban dube shi sau biyu ba. Muka yi aikin tare, ni ciki shi bisa tsani yana karɓa, matan gida biyu na shimfiɗa tabarmi, Inna na zaune a inuwa tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Wannan karon ɓarnar kaɗan ce, ta shekara uku. Da na share gindi na ce masa ya sauko. Ya tattare riga ya sauko. Mu biyu muka tsaya a wurin da aka ce ɗan gidanmu ba ya tsayawa. Na nuna masa daɓe. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora hannunsa cikin sawun hannun Baba, ya zauna daidai, in ban da ɗan yatsan nan.

“Wannan ne ka ce in hau in gani?”

“Shi ne, Yaya.”

“Shekara nawa ina gadin wurin nan, ban san yana ciki ba.” Ya share ido da hannun riga, ya miƙe. “To mi kake jira, Share-rumbu? Miƙo ganyen bedin.”

Gandu bai koma ɗaya ba, kowa ya riga ya saba da tukunyarsa. Amma a makon nan ya yanke ƙofa a dangar tsakiya, ita ce wadda ƙannenki suka tashi suna bi suna zaton tun asali tana nan. Duk kaka kuma, kafin a zuba sabon hatsi, ni da shi muna sauka mu share, mu yi wa Baba addu’a a nan inda hannunsa yake.

To Rabi, kin ji. In wani ya ce miki ɗiyar Share-rumbu, kada ki sunkuyar da kai. Ki amsa, sannan ki tambaye shi yaushe rabonsa da ganin gindin nasa.